Yadda ake kai layin tarho karkara ba tare da jan waya ba

A harkar tarho ta gida, wurin da ya fi cin kuɗi shi ne ɗan tsakanin nan daga cibiyar haɗa kira zuwa ƙofar mai layi. A tsohon tsari kowane gida yana da nasa wayoyin tagulla guda biyu a murɗe, tun daga cibiya har soket. Wayar da kaurinta yake milimita 0.4 tana da turjiyar kusan om 280 a kowace kilomita, idan aka haɗa zuwa da dawowa, ita kuwa cibiya da batirinta na bolt 48 ba ta ɗaukar abin da ya wuce om 1,300 ko kusa da haka. Kafin a kai kilomita 5 layi ya gaji. A birni wannan tazarar ta ƙunshi dubban gidaje, kuɗin sai ya rarrabu a kansu. A karkara kuwa za a iya kafa turaku na tsawon kilomita 15 saboda gida arba'in, sannan a yi ta fama da ambaliya, faɗuwar bishiya da ɓarayin tagulla.

Tsarin WLL (Wireless Local Loop), wato layin tarhon gida marar waya, yana cire wannan wayar ya sa rediyo a madadinta. Mai layi yana ɗaga kan tarho ya ji sautin layi kamar kullum, amma muryarsa ta iska take bi zuwa hasumiya. Sassansa biyar ne: cibiyar haɗa kira, na'urar da ke kula da tashoshi, gadar da ke haɗa tasha da cibiya, tashar da ke kan hasumiya, sai akwatin da ake sa wa a gidan mai layi tare da eriyarsa. Na'urorin rediyon ba su cika ba da matsala ba. Yawancin ayyukan da suka durƙushe, lissafin kira ne ya gaza, ko tsayin eriya, ko wuta, ko ruwa ya shiga kebul. Saboda haka a kan waɗannan za a fi tsayawa.

Fara da ƙirga kira

Ba kowane gida ake ware wa gurbin magana nasa ba. Gidaje da yawa suna raba gurabe kaɗan, domin ba duka suke kira lokaci guda ba. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne Erlang: gurbi ɗaya da ya yi awa guda cur a cike ya ɗauki Erlang 1. Awar da ake duba kuwa ita ce wadda ta fi kowace cunkoso a yini. Gidan da ke magana minti 3 a wannan awar yana kawo Erlang 0.05. Wurin kiran jama'a, asibiti ko makaranta da ke riƙe layi minti 18 yana kawo 0.3, wato daidai da gida shida.

A ɗauka akwai gida 200 da irin waɗannan wurare masu yawan kira guda 10. Gidajen sun ba da Erlang 10, sauran sun ba da 3, jimla 13. Daga nan sai a duba jadawalin Erlang B, wanda ke nuna yawan kiran da kowane adadin gurabe zai iya ɗauka. Idan an yarda kira 2 cikin 100 ya tarar da layi a toshe, gurbi 7 suna ɗaukar Erlang 2.9, gurbi 12 suna ɗaukar 6.6, gurbi 20 suna ɗaukar 13.2, gurbi 30 kuma 21.9. Ke nan wannan yankin gurbi 20 yake bukata.

Akwai tarko a nan da ke kama masu tsara aiki da yawa. Idan aka raba tasha fuska uku, kowace fuska da gurbi 7, jimlar gurabe 21 ne, amma abin da za su ɗauka Erlang 8.8 ne kawai, alhali gurabe 21 a dunƙule suna ɗaukar 14. Dalili shi ne gurbin da ke zaune a fuskar gabas ba zai amfani mai kira daga yamma ba. Don haka a yi lissafin kowace fuska daban, da gidajen da ke gabanta. A kuma ƙara rarar kashi 30 cikin 100 aƙalla, domin a wurin da bai taɓa samun layi ba, wayar gida ɗaya ta unguwa ce gaba ɗaya, kuma yawan kira yakan zarce abin da aka zata tun a shekarar farko.

Wace fasaha, wane zango

DECT, fasahar tarho marar waya wadda hukumar ETSI ta Turai ta tsara, tana aiki a megahaz 1880 zuwa 1900. Tana da layukan zango 10, kowanne da gurbi 12 na magana, tana aika murya a kilobit 32 cikin daƙiƙa, ƙarfin fitarta kuma miliwat 250 ne. Muryarta tas take, ba ta cin wuta sosai, kuma na'urorin da kansu suke zaɓen gurbin da babu hayaniya, ba sai an zauna tsara rabon zango ba. Rauninta shi ne dole eriya ta ga eriya. A Indiya, Cibiyar Fasaha ta IIT Madras tare da kamfanin Midas sun gina corDECT a kanta, wadda ke kai kilomita 10 idan babu shamaki, ta kai 25 idan an sa tashar miƙawa a tsakani, kuma tana ba da intanet na kilobit 35 tare da murya a lokaci guda. PHS ta Japan, wadda ta fito a 1995, 'yar uwarta ce a tsari.

CDMA da GSM fasahohin wayar hannu ne. CDMA tana amfani da layin zango mai faɗin megahaz 1.25, kuma nau'inta na megahaz 450 ya yi suna a yankuna masu faɗi da ƙarancin jama'a. GSM tana da gurbi 8 a kowane layi na kilohaz 200, ɗaya yakan tafi ga saƙonnin kula da tasha, 7 su rage na magana. Tana da iyaka ta kilomita 35 wadda ba ta da alaƙa da ƙarfin sigina: lissafin lokacin da tsarin ke yi ne ya tsaya a nan, sai fa an kunna yanayin ƙara nisa, shi kuma yana cin gurabe.

Wanda zai fara sabon aiki yau ya yi tunani sau biyu kafin ya sayi CDMA ko WiMAX, komai arharsu. Kamfanoni suna ta kashe su, kayan gyaransu kuma suna ƙarewa a kasuwa. Abin da ya fi dacewa shi ne LTE, wato 4G, a ƙananan zanguna, megahaz 450, 700, 800 ko 900, da akwatin gida mai soket na tarho wanda ke iya VoLTE, wato kiran murya ta kan LTE. Ga ƙaramin yanki kuma, rediyon gigahaz 5 mai eriyar nuni tare da ƙaramar na'urar da ke mayar da muryar tarho zuwa bayanan intanet yana yin aiki, muddin an ba murya fifiko a kan sauran bayanai.

Kowane zango da za a taɓa, a fara da hukumar sadarwa ta ƙasar. Ko zangon da ba ya bukatar lasisi yana da iyakar ƙarfin da aka yarda a fitar, kuma iyakar ta haɗa da ƙarin da eriya ke yi. A duba kuma ko lasisin na layin zaune ne kaɗai. Idan haka ne, dole a ɗaure kowane akwati ga tasharsa don kada a ɗauke shi a yi yawo da shi. Wannan batun ya jawo doguwar takaddama a Indiya tsakanin masu WLL da masu wayar hannu, har sai da aka fito da lasisi na bai ɗaya a 2003.

Auna hanya

Sigina yana raguwa da nisa, ko da babu komai a tsakani, kuma da ma'aunin dB ake auna ƙaruwa ko raguwarsa. A tazarar kilomita 10, asarar sarari tana kai dB 118 a megahaz 1900, dB 111.5 a 900, dB 105.5 a 450. Bambancin dB 12.5 tsakanin 450 da 1900 babba ne: kowane dB 6 ninki biyu ne na nisa a sarari. A ƙasa ta zahiri, mai tudu da itatuwa, ninka nisa yakan ci dB 10 zuwa 12. Shi ya sa ƙananan zanguna suka fi dacewa da karkara. Farashin da ake biya shi ne eriya mai girma da ƙarancin faɗin zango.

Ga yadda ake lissafin hanya, da misalin DECT. Tasha tana fitar da dBm 24 (dBm ma'aunin ƙarfin sigina ne). Eriyarta tana ƙara dB 12, ta gida tana ƙara 12. Kebul da mahaɗai a ɓangarori biyu suna cin 3, hanya tana cin 118. Abin da ya isa akwati shi ne dBm -73. Idan akwatin yana daina ji a dBm -86, rarar da ta rage dB 13 ce. Kada a karɓi hanyar da rararta ta gaza dB 10, domin zafi, raɓa, iska mai kaɗa eriya da tsufan kebul duk daga cikinta za su ci. A yi lissafin ta fuska biyu. Sau da yawa tasha tana isa gida da ƙarfi, amma akwatin gida ba ya iya mayar da amsa, sai mai layi ya ga alamar sigina a cike amma kira ba ya fita.

Ganin hasumiya da ido bai wadatar ba. Sigina yana tafiya ne a cikin wani kumburi mai siffar ƙwai da ke kewaye da miƙaƙƙen layin, wanda ake kira yankin Fresnel, kuma ya fi faɗi a tsakiyar hanya. Don samun faɗinsa daga layi zuwa gefe a tsakiya, a raba nisa a kilomita da zango a gigahaz, a ɗauki tushen murabba'in sakamakon, a ninka da 8.66. A kilomita 10 da gigahaz 1.9 ana samun kusan mita 20. Ƙa'ida ita ce kashi 60 cikin 100 na wannan, wato mita 12, ya zama babu komai a ciki. Sai a ƙara kumburin doron ƙasa, wanda a tsakiyar kilomita 10 mita 1.5 ne, a tsakiyar kilomita 20 kuwa ya kusa mita 6.

To, a ce akwai itatuwa masu tsayin mita 10 a tsakiyar hanya, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce. Mita 10 da 12 da 1.5 sun ba da 23.5, kuma a wannan tsayin ne layin zai wuce. Eriyar tasha a mita 40 da ta gida a mita 7 suna ba da 23.5 daidai a tsakiya, babu rara ko kaɗan. Ke nan ko a ɗaga sandar gida, ko a nemi tudu don hasumiya. Ƙarin mita 3 a sandar gida yakan yi abin da ƙarin ƙarfin rediyo ba zai yi ba, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba.

Taswirar kwamfuta tana nuna tudu da kwari, amma ba ta san tsayin bishiya ba. Dole a je da ƙafa, da GPS, madubin hangen nesa, sanda mai tsawaita da na'urar gwaji. Idan a rani aka yi awon, a tuna cewa itatuwan da suka zubar da ganye za su cika da damina, kuma jiƙaƙƙen ganye yana shan sigina sosai a sama da gigahaz 1. Hanyar da ta ratsa saman tafki ko fadama ita ma tana da nata halin: ruwa yana mayar da sigina kamar madubi, kwafin da ya dawo ya ci karo da na asali, sai ƙarfi ya yi ta hawa da sauka. Maganinsa matsar da eriya sama ko ƙasa da mita ɗaya zuwa biyu har a sami inda ya tsaya, ko a ɓoye ta yadda gini ko tudu zai tare kwafin da ke tasowa daga ruwan.

Gada zuwa cibiya

Idan cibiyar ta tsohon tsari ce, da layin E1 ake haɗawa: megabit 2.048, gurbi 32, 30 daga ciki na magana. Yarjejeniyar V5.2 ita ke bari gidaje da yawa su raba waɗannan guraben, kuma tana ɗaukar E1 har 16, yayin da V5.1 ke tsayawa a E1 ɗaya, kowane layi da gurbinsa. Kafin a sayi kaya a gwada V5.2 na ɓangarorin biyu tare, domin kowace ƙasa tana da nata sautuka da saƙonnin layi, kuma kamfanoni biyu na iya cewa sun bi ƙa'ida amma na'urorinsu su kasa fahimtar juna. Agogo kuma ɗaya ne tak zai yi mulki, na cibiya. Idan tasha tana bin nata agogon, za a riƙa jin ƙas-ƙas a cikin magana lokaci zuwa lokaci, fakis kuma ya riƙa yankewa.

Idan gadar ta IP ce, wato ta tsarin intanet, a lissafa da nauyin kanun fakiti, bayanan da ake ɗora wa kowane ƙunshin murya. G.711 da G.729 hanyoyi ne na mayar da murya bayanai. Kiran G.711 da ake cewa kilobit 64 yana cin kusan 87 a kowace fuska, na G.729 mai kilobit 8 yana cin kusan 31. A sa wa fakitin murya alamar fifiko, a riƙe ɓacewar fakiti ƙasa da kashi 1 cikin 100.

Don doguwar gada ta rediyo, gigahaz 7 ko 8 sun fi aminci. Daga gigahaz 10 zuwa sama ruwan sama yana fara cin sigina, don haka 18 da 23 na gajerun tazara ne. Tauraron ɗan Adam mai tsayuwa wuri ɗaya yana kai ko'ina, amma yana ƙara jinkirin kusan milidaƙiƙa 250 a tafiya ɗaya, alhali shawarar G.114 ta hukumar ITU ita ce kada jinkiri ya wuce 150 idan ana son hira ta tafi daidai. Idan ba makawa sai shi, a tabbata kiran da ke tsakanin gidaje biyu na yanki ɗaya ana haɗa shi a nan tasha, kada ya hau sama ya sauko sau biyu.

Wuta da tsawa

A auna abin da tasha ke ci da mita, kada a dogara da takarda kaɗai. A ɗauka wat 100 ne dare da rana, wato wat-awa 2,400 a yini. Awannin cikakkiyar rana da za a yi lissafi da su na watan da ya fi kowane duhu ne, misali 4.5. Zafi, ƙura, waya da caji suna cin kusan kashi 30 cikin 100. A raba 2,400 da 4.5, a sake rabawa da 0.7, ana samun wat 762, sai a sa farantan sola na wat 800 ko fiye. Batir kuma ya iya riƙe tasha kwana 3 babu rana. Batirin dalma ba a zuƙe fiye da rabinsa, don haka ana bukatar wat-awa 14,400, wato amp-awa 300 a bolt 48. Batirin lithium na LiFePO4, wanda ake iya zuƙe kashi 80 cikin 100, amp-awa 190 ya isa.

Zafi shi ke kashe batirin dalma. Duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa. Akwatin ƙarfe da aka ajiye a rana tanda ce, batirin da ya kamata ya yi shekara 5 ba zai ga ta biyu ba. A yi masa rumfa, ko a ajiye shi ƙarƙashin farantan, da kafofin iska masu raga a sama da ƙasa. A ciyar da na'urori kai tsaye daga bolt 48 ba tare da inbata ba, domin mayar da wuta zuwa AC sannan a sake dawo da ita asara ce kawai. Farantai su fuskanci layin tsakiyar duniya, a karkace su aƙalla digiri 10 zuwa 15 don ruwa ya wanke su, a ɗaure su da kusoshin da ba a kwancewa da sifana ta kasuwa. Farantai da batura su ne abin da ake fara sata, kuma katanga ba ta kai amfanin mutumin yankin da aka ɗauka, aka koya masa share faranti da karanta bolt.

Hasumiya ita ce abu mafi tsayi a wurin, tsawa za ta same ta ko ba daɗe ko ba jima. A sa sandar tsawa a ƙololuwa, sama da duk eriya. A binne zoben tagulla kewaye da gindin, da sandunan atin, masu sauke wuta cikin ƙasa, masu tsayin mita 2.4 zuwa 3, tazarar da ke tsakaninsu kada ta gaza tsayin sanda ɗaya. Turjiyar atin ta sauka ƙasa da om 10, idan da hali om 5, kuma a rani za a auna ta, lokacin da ƙasa ta bushe. Abu mafi muhimmanci shi ne komai ya haɗu a wuri ɗaya: hasumiya, akwatin na'urori, firam ɗin sola da katanga. Atin biyu da ba a haɗa ba sun fi rashin atin haɗari ga na'ura, domin idan tsawa ta sauka, bambancin bolt da ke tsakaninsu ta cikin na'urar zai bi. Rigar kebul ɗin eriya a haɗa ta da atin a sama, a gindin hasumiya, da bakin shiga ɗaki, kuma wayar atin ta tafi miƙe, babu kwana mai kaifi.

Sa akwatin gida

Kafin a huda bango, a ɗaga eriya a kan sanda a zagaya gidan ana duba ƙarfin sigina a allon gwaji. Matsawar mita biyu kan iya canja dB da yawa. A LTE a nemi RSRP, wato ƙarfin sigina, da ya fi dBm -100 kyau, da SINR, wato fifikon sigina a kan kutse da hayaniya, sama da dB 10. Lamba ta biyun ta fi ta farko muhimmanci, domin sigina mai ƙarfi da ke cike da kutse ba ya ɗaukar murya. A guji sa eriya daf da rufin kwano, a ɗaga ta aƙalla mita ɗaya a samansa.

A duba tsayuwar eriya. Idan ta tasha a tsaye take aikawa, sandunan eriyar Yagi ta gida su ma a tsaye za su kasance. Kwantar da su na iya jawo asarar dB 20 ko fiye, kuma kuskure ne da ake yawan yi saboda an saba da eriyar talabijin. A juya ta a hankali hagu da dama, a dakata daƙiƙa goma a kowane matsayi don lambar ta zauna, sannan a ɗaure a inda ta fi kyau.

Kebul siriri irin RG-58 yana cin fiye da rabin dB a kowace mita a megahaz 900, don haka mita 20 nasa suna cinye duk abin da eriya ta ƙara. Kebul mai kauri irin LMR-400 yana cin kusan dB 13 a mita 100, wato ƙasa da dB 3 a mita 20. Mafi kyau ma shi ne nau'in akwatin da rediyonsa ke manne da eriya a waje, wayar tarho ko ta intanet ce kawai ke saukowa.

Kowane mahaɗi na waje a naɗe shi hawa uku: tef na lantarki, sannan tef na roba mai narkewa ya haɗe da kansa, sannan tef na lantarki a sama don kare shi daga rana. Hawan ƙarshe a fara shi daga ƙasa zuwa sama, yadda kowane zagaye zai rufe bakin na ƙasansa, ruwa ya gangara ta kai. Kafin kebul ya shiga bango, a lanƙwasa shi ƙasa da ramin sannan ya hau, don ruwan da ke bin sa ya ɗiga a waje. Ramin kansa a huda shi yana gangarowa waje, a toshe da silikon.

Akwatin da ke cin wat 3 yana bukatar wat-awa 72 a yini, ban da lokacin magana. Batirin bolt 12 mai amp-awa 7 yana da wat-awa 84, rabinsa ne na amfani, ke nan awa 14. Inda babu wutar gwamnati, a sa farantin wat 30 da batirin amp-awa 18 ko fiye, da na'urar caji mai yanke wuta idan batir ya yi ƙasa. A rufe batirin a akwati mai makulli. Idan aka bar shi a fili za a jona masa fitila da cajin waya, layi ya riƙa mutuwa da tsakar dare.

Gwajin ƙarshe ya haɗa da kira mai fita na minti 3, kira mai shigowa don a ji ƙararrawa, danna lambobi a tsakiyar kira, nuna lambar mai kira, lambar gaggawa, sannan a zare wuta a ga batir ya karɓa ba tare da kiran ya yanke ba. A rubuta ƙarfin sigina, fuskar eriya, tsawon kebul da bolt na batir a takardar gidan. A kuma bayyana wa mai layi abu biyu: akwatin ne da kansa yake yin sautin layi, don haka jin sautin ba ya nufin an haɗu da tasha, kuma yana jira daƙiƙa kaɗan bayan lamba ta ƙarshe kafin ya aika, a yawancin akwatuna danna # yana kawar da jiran.

Idan abu ya lalace

Lokacin da matsala ke zuwa shi ke nuna tushenta. Layin da ke mutuwa kafin asuba ya dawo da hantsi, batir ne ko faranti mai ƙura. Wanda siginarsa ke faɗuwa bayan ruwan sama ta dawo bayan kwana biyu na rana, ruwa ne a mahaɗi: a buɗe, idan an ga kore ko baƙi a cikin tagullar a yanke kebul har inda yake da tsabta a sa sabon kai. A tasha, awon VSWR, mai nuna siginar da ke dawowa baya a kebul, da ya haura 1.5 yana nuna irin wannan. Sigina da ke raguwa sannu a hankali cikin watanni, bishiya ce ke girma ko iska ta juya eriya, kuma takardar ranar farko ce za ta tabbatar. Kiran da ke ƙin shiga da yamma kaɗai cunkoso ne. A CDMA cunkoso yana da wata alama ta daban: da'irar tasha tana tsukewa idan masu kira sun yi yawa, sai gidajen gefe su faɗi a awar da aka fi bukatar layi, shi ya sa ba a karɓar gidan gefe da awon tsakar rana.

Idan mai layi yana jin muryarsa tana dawo masa, a duba saitin turjiyar soket, ko om 600 ne ko wanda ƙasar ke amfani da shi, a kuma tabbata mai kashe amsa-kuwwa yana kunne. Idan ɓangare ɗaya ne kawai ke ji a layin IP, fakitin murya ne suka maƙale a rauta ko katangar tsaro. Ƙararrawar da ba ta bugawa yawanci tarho ne suka yi yawa a kan soket ɗaya, domin akwatin ba shi da ƙarfin cibiya, biyu sun ishe shi. Lambar mai kira da ba ta fitowa rashin daidaito ne tsakanin FSK da DTMF, hanyoyi biyu na aika lambar, saiti ɗaya ne ke gyara shi.

Fakis da na'urorin da ke aika bayanai ta sautin layi ba sa jituwa da matse murya irin na GSM da CDMA, domin an gina matsewar don muryar mutum. Sai an sami akwatin da ke da yanayin fakis na musamman, ko T.38, tsarin aika fakis a layin IP, ko G.711 ba tare da matsewa ba. Wayar kiran jama'a kuma tana bukatar sanin lokacin da aka ɗaga kira don ta fara lissafi, ko ta juyawar wutar layi ko ta bugun kilohaz 12 ko 16. Ba kowane akwati ke yin wannan ba, a tambaya tun kafin saye.

Don kayan ajiya, a riƙe akwatunan gida 5 a kan kowane 100 da aka sa, da caja da fyus fiye da haka tunda su suka fi mutuwa, da rediyon tasha ɗaya cikakke da aka riga aka saita. Tasha ta riƙa aiko da bolt na batir, zafin akwati da buɗewar ƙofa zuwa cibiya, a sa ƙararrawar batir ta tashi tun yana bolt 47, yadda mai gyara zai sami lokacin isa kafin na'urar yanke wuta ta kashe tashar a wajen bolt 43.